Ƙurar Hunturu da Hayaƙin Gida: Yadda Za Ku Zaɓi Abin Tace Iskar Ɗakinku

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, asibitoci da ɗakunan shan magani na Bichi, Dambatta, Kunci, Tsanyawa da Makoɗa sukan cika da masu tari, mura, ciwon ido da sarƙewar numfashi. A wannan lokacin ne iyalan masu asma da masu ciwon zuciya suke yawan tambaya: shin in na sa na'urar sanyaya ɗaki za ta tace ƙurar? Wace filta zan saya? Ragar taga ta isa?

Amsar ta danganta da abin da kuke so ku tare. Kowace uwargida ta san rariyar tankaɗe daban, matacin koko daban, abin da ya wuce ta wannan ba zai wuce ta wancan ba. Haka abin tace iska yake. Akwai mai tare sauro kawai, akwai mai tare ƙura mai gari-gari, akwai mai tare ƙura mai laushin da ido ba ya gani. Akwai kuma guba guda ɗaya da babu mataci ko ɗaya da yake tare ta, kuma ita ce ta fi saurin kisa.

Me ke cikin iskar da muke shaƙa?

Abu na farko ƙurar hunturu ce. Iskar arewa maso gabas ce take ɗauko ta, mafi yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, inda a dā can tafki ne babba ya ƙafe ya bar laka mai laushi. Wannan wuri yana cikin manyan wuraren da ƙura take tashi a duniya. Idan hazo ya yi kauri har ana soke tashin jirage a filin jirgin Malam Aminu Kano, to ku sani abin da ya hana matuƙi ganin gabansa shi ne yake shiga huhun yaranku.

Ana auna girman ƙwayar ƙura da ma'aunin da ake kira maikiron, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Kaurin silin gashin kai ya kai maikiron 50 zuwa 70. Ƙurar da ta fi maikiron 10 girma, hanci da maƙogwaro sukan tare ta, a fyace ta ko a tofar. Wadda ba ta kai maikiron 10 ba tana gangarawa bututun numfashi. Wadda ba ta wuce maikiron 2.5 ba, ita ce ake rubutawa PM2.5, tana isa har ƙuryar huhu inda iska take haɗuwa da jini. Ita ce take tayar da asma, ta raunana garkuwar huhu, ta kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada irin wannan ƙura ta wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a wuni guda. Ranar hazo mai kauri, da kuma ɗakin girki mai cike da hayaƙi, sukan ninka wannan adadi sau da yawa.

Abu na biyu hayaƙin cikin gida ne, kuma a ƙauyukanmu ya fi ƙurar waje illa, domin shi ba shi da kaka ba shi da rani. A wannan yanki da gonaki suka haɗe da juna, daji ya yi nisa, itace ya yi tsada, saboda haka da karan dawa da na gero, da totuwar masara, wani lokaci da busasshen kashin shanu ake girki. Waɗannan duk sun fi busasshen itace hayaƙi. Wasu kuma da leda ko guntun roba suke hura wuta. A ƙara da fitilar kananzir, maganin sauro na igiya, turaren wuta da taba sigari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a 2020, sama da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mata masu girki da jariran da ke goye a bayansu su suka fi shaƙar sa.

Abu na uku iskar kabon monoksaid ce, wadda take fita daga garwashi, gawayi da salansar janareta. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana maƙale wa jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200, sai ta hana jini kai oksijin ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Ita ba ƙura ba ce, shi ya sa take ratsa kowane mataci kamar babu shi.

Su wa ya kamata a fara karewa?

Ba kowane gida ne zai iya tace iskar dukan ɗakuna ba, don haka a fara da ɗakin da mai rauni yake kwana. Masu raunin su ne jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu asma, masu sikila, masu ciwon zuciya ko hawan jini, da waɗanda suka taɓa yin tarin tibi ya bar musu tabo a huhu. Mutum yana kwana awa 7 zuwa 9 a ɗaki ɗaya, gyara iskar wannan ɗakin kaɗai ya rage kaso mai yawa na abin da yake shaƙa.

Ragar taga da labule

Ragar taga aikinta tare sauro, ƙudaje da tarkace, kuma aiki ne mai muhimmanci don kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Amma idonta ya fi ƙwayar ƙura mai laushi girma ɗaruruwan sau. Labule mai kauri yana rage ƙurar da take shigowa da ƙarfin iska, muddin ana wanke shi. Labulen da ya shekara ba a wanke ba ya zama rumbun ƙura, duk sanda aka ɗaga shi sai ya zazzage ta a ɗaki.

A ranakun hazo, ku rufe tagar da ke fuskantar arewa da gabas, ku toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ku cike ramukan da ke tsakanin bango da kwano. Ku bar wata ƙaramar kafa ta ɓangaren kudu ko yamma don iska ta riƙa sauyawa. Ɗakin da mutane da yawa suke kwana kada a rufe shi ruf, domin cunkoso da rashin sauyawar iska suna taimaka wa yaɗuwar tibi, ƙyanda da sanƙarau. Wannan yanki yana cikin yankin da sanƙarau yake yawan ɓarkewa lokacin rani, kuma annobar 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000.

Na'urar sanyaya ɗaki

Yawancin shawarwarin da ake samu a intanet game da zaɓen filta an rubuta su ne don gidajen Amurka, inda injin ɗumamawa da sanyayawa guda ɗaya yake tura iska ta bututu zuwa kowane ɗaki. A can ana auna ingancin filta da lambar MERV, daga 1 zuwa 16, kuma daga 13 zuwa sama ne take tare mafi yawan ƙura mai laushi. A nan irin wannan tsari sai a manyan asibitoci, bankuna da otal-otal.

Wadda ake sawa a gidaje da shagunanmu ita ce ta bango ko ta taga. Ta bango ba ta jawo iskar waje, iskar ɗakin take juyawa ta sanyaya ta. Ragar robar da ke bayan murfinta an yi ta ne don kare injin daga zare, gashi da ƙura mai gari-gari. Ƙura mai laushi da hayaƙi suna wucewa ta cikinta. Amfaninta ga mai asma shi ne tana ba da damar rufe taga ba tare da zafi ya dame shi ba.

Ku riƙa zare wannan raga kuna wanke ta da ruwa duk mako biyu, a hunturu kuwa duk mako. A shanya ta a inuwa ta bushe sarai kafin a mayar. Idan ta toshe, injin zai ƙara shan wuta ya rage sanyi, danshin da ke ciki kuma ya haifar da funfuna, wadda ita kanta tana tayar da asma. In kun ji warin danshi lokacin da kuka kunna, ku kira mai gyara ya wanke cikinta. Kada ku liƙa soso ko yadi mai kauri a bakinta da sunan ƙarin tacewa, fankar cikinta ba ta da ƙarfin jan iska ta cikinsu.

Ita kuwa na'urar sanyi mai amfani da ruwa, wadda ta yaɗu saboda ba ta cin wuta da yawa, tana rage bushewar iska, amma ba matacin ƙura mai laushi ba ce. A zubar da ruwanta a sa sabo kullum, a wanke tankinta duk mako. Fanka kuma ba ta tace komai, in ma ɗakin da ƙura, tayar da ita take yi.

Na'urar tace iska mai HEPA

Wannan ce kaɗai aka ƙera domin tace iskar ɗaki. Fanka ce a cikin akwati, tana jan iska ta cikin wata takarda mai ninki-ninki. Filtar da ta cancanci sunan HEPA tana tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu yake maikiron 0.3, wato har da ƙurar hunturu mai laushi da ƙwayoyin hayaƙi. Idan za ku saya, ga abin dubawa.

Na ɗaya, a ga an rubuta HEPA tare da lamba H13, ko kalmar True a gabanta. Waɗanda aka rubuta musu cewa suna kama da HEPA ba su cika wannan ma'auni ba.

Na biyu, ƙarfinta ya dace da girman ɗaki. A jikin kwali akwai lamba mai suna CADR, tana nuna yawan tsabtatacciyar iskar da na'urar take fitarwa a awa ɗaya. Ana so ta tace iskar ɗakin kamar sau 5 a awa. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3 yana ɗauke da iska mita kubik 36. A ninka sau 5, ya zama 180. Na'urar da lambarta ba ta kai mita kubik 180 a awa ba ta yi wa wannan ɗaki kaɗan. 'Yan ƙananan da ake ɗorawa kan tebur ba za su iya da ɗakin kwana ba.

Na uku, ku tambayi mai shago ko yana sayar da filtar canji, da kuɗinta, tun kafin ku biya. Takardar HEPA ba a wanke ta, ruwa yana lalata ta. Masu ƙerawa sukan ce a canza ta bayan wata 6 zuwa 12, a ƙurarmu kuwa takan toshe kafin haka. Ku zaɓi mai ragar gaba da ake wankewa, domin ita take ƙara wa ta ciki kwana.

Na huɗu, ku duba wutar da take ci. Yawancin na ɗaki ɗaya ba su fi fankar tsaye cin wuta sosai ba, ƙaramar sola mai batir za ta iya riƙe su da dare. Kunna janareta kusa da ɗaki don a tayar da na'urar tace iska kuwa, an gudu ne ba a tsira ba.

Na biyar, ku guji na'urar da aka ce tana tsabtace iska da ozon. Ozon yana ƙona bututun numfashi, yana tayar da asma.

A ajiye na'urar kusa da gadon mara lafiya, a ba ta tazara daga bango da labule, a rufe ƙofa da taga lokacin da take aiki. Wasu suna da baƙin layi na gawayi da yake rage wari, amma ko shi ba ya tare kabon monoksaid. Kuma na'urar ba ta maye gurbin magani, mai asma ya ci gaba da amfani da abin shaƙarsa yadda likita ya tsara.

Takunkumi

Shi ne matacin da ake fita da shi, kuma shi ya fi araha. Mai lamba N95 ko KN95 yana tare kashi 95 cikin 100 na ƙura mai laushi, mai lamba FFP2 kashi 94, idan ya zauna daram a fuska. A matse ƙarfen da ke kan hanci. Gemu mai yawa yana barin kafa a gefe, ya rage aikinsa. Shuɗin takunkumin asibiti yana barin iska ta gefe, don haka kariyarsa daga ƙura kaɗan ce. Rawani, mayafi da hankici suna tare mai gari-gari kawai, amma sun fi babu.

Waɗanda suka fi buƙatarsa su ne masu sussuka da shiƙa, masu injin niƙa da na casa, masu aikin hatsi a Dawanau, masu hawa babur a hanyar burji da masu shara. A canza shi idan ya jiƙe, ya yi dauɗa ko numfashi ya fara wuya. Ba a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba takunkumi.

Rage hayaƙin tun daga tushe

Gida mafi yawa a karkara ba zai sayi na'ura ba, kuma ko an saya, ba za ta iya da ɗakin da ake hura wuta a cikinsa ba. Abin da ya fi kowane mataci amfani bai kai ta tsada ba.

A yi girki a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe. In dole sai a ɗakin girki, a buɗe masa taga biyu masu kallon juna da kafa a sama. Murhu mai bututun fitar da hayaƙi yana taimakawa: wani bincike da aka yi a ƙasar Gwatamala, aka wallafa a 2011, ya nuna irin wannan murhu ya rage ciwon huhu mai tsanani a yara da kusan kashi ɗaya cikin uku. Murhu mai tsimin itace yana rage kashe kuɗi, amma gas da lantarki su suka fi tsabta nesa ba kusa ba.

A bar itace da kara su bushe sosai, a daina hura wuta da leda. Mai girki ta sauke goyo ta ba wani ya riƙe nesa da murhu. A maye gurbin fitilar kananzir da ta sola ko ta caji. A kwana cikin gidan sauro mai magani maimakon kunna na igiya. Turaren wuta a sa shi lokacin da jariri da mai asma ba sa ɗakin, a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin su dawo. Mai shan sigari ya fita waje. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, a kakkaɓe tabarma da darduma a waje, mara lafiya kuma ya bar wurin sai ƙura ta lafa. Ƙona bola da karan gona a yi shi nesa da gida.

Gubar da babu mataci a kanta

Daren sanyi na Disamba da Janairu ne ake shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa, musamman ɗakin mai jego da na tsofaffi. Kada a kwana da garwashi ko gawayi a rufaffen ɗaki, ko da ya daina hayaƙi, domin garwashin da ya yi ja ba hayaƙi yana ci gaba da fitar da kabon monoksaid. A ji ɗumi a waje ko ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo, a sa wa jariri hula da safa.

Janareta kuma ba a ajiye shi a ɗaki, zaure, shago, baranda ko gindin taga. A nisanta shi aƙalla mita 6 daga ɗakin kwana, salansa na kallon waje. In tsoron ɓarayi ne, a yi masa kejin ƙarfe a fili. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da take ƙara idan wannan iska ta taru a ɗaki, gidan da ke amfani da janareta ya fi buƙatarta a kan kowace filta.

Alamomin gubar su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, ruɗewa da barci mai nauyi. Idan mutum biyu ko fiye a ɗaki ɗaya suka tashi da waɗannan alamu lokaci guda, ku fara zargin iskar ɗakin kafin ku zargi abinci ko wani abu. A fitar da kowa fili nan take, a buɗe ƙofofi, a kashe janareta, a garzaya asibitin da ke da oksijin, ko da sun ce sun ji sauƙi. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara, manja ko ruwa, zai iya shaƙewa. Mai juna biyu lallai likita ya duba ta, domin gubar ta fi yi wa ɗan cikin illa.

Yaushe za a tafi asibiti?

Ku ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya cikakke lokacin da yake kwance ba ya kuka. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Wannan alamar ciwon huhu ce, a kai shi asibiti a ranar. Idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya kasa farkawa sosai, kada a jira gari ya waye.

Babba kuma ya nemi taimako da gaggawa idan ba ya iya gama magana saboda haki, ko abin shaƙarsa ya daina yi masa aiki, ko ƙirji na ciwo, ko leɓe ya canza launi. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya alamar sanƙarau ce. Tarin da ya kai mako 2 kada a ɗora wa hunturu laifinsa, a je a gwada majina, gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Babban asibitin Bichi da na Dambatta suna karɓar irin waɗannan, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Murtala Muhammad, Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ku tabbata yara sun kammala rigakafi. Allurar kariya daga ciwon huhu ana yin ta a mako 6, 10 da 14, ta ƙyanda da ta sanƙarau kuma a wata 9. Mai asma ya ga likitansa tun a Oktoba, ya tanadi maganinsa kafin hazo ya sauka.

Idan kuɗin hannu kaɗan ne, ga yadda za a jera su: a fara da fitar da garwashi da janareta daga inda ake kwana, sai raba murhu da yara, sai fitilar sola da gidan sauro, sai takunkumi mai kyau ga masu aikin ƙura. Bayan waɗannan ne na'urar HEPA za ta yi amfani a ɗakin mai asma ko mai ciwon zuciya. Allah ya ƙara mana lafiya.